Kafin 'Yan Jari-bola Su Riga Mu: Tsofaffin Kayan Fatar Sojoji

Akwai wata sha'awa da in ka gaya wa abokin ɗakinka za ka fara, zai yi maka kallon wanda zafin jarrabawa ya taɓa: tara tsofaffin kayan sojoji. Ba bindiga nake nufi ba. Ina nufin bel, jigidar harsashi, kuben takobi da na adda, jakar goyo, gorar ruwa, kwanon cin abinci, takalmi, har sirdin dokin soja da linzaminsa. A Ingila da Jamus da Amurka wannan harka ce babba, tana da kasuwanninta da gwanjonta, da littattafai masu kauri da ba abin da ke cikinsu sai bayanin ɗinki da hatimin kamfanonin da suka yi kayan.

Mu kuwa da kayan ke kwance a gidajenmu, ko kallo ba su ishe mu ba. Gidaje da yawa a Zariya, Kano, Sakkwato, Bauci, Maiduguri da ƙauyukansu sun yi kakan da ya je yaƙin Bama. Yawanci akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Ranar da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, ba mai waiwayar akwatin. Yara su ɗauki bel ɗin suna wasan soja, mai jari-bola ya ɓalle tagullar ya ɗora a sikeli ya ba da kuɗin alewa, fatar kuma ta tafi bola. Wannan asarar ce ta sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayanin abin da ɗan karatuna na jima da 'yan kayan da na tara suka koya mini. Ba wasu da yawa ba ne, guda huɗu ne kacal: bel biyu, gorar ruwa da kuben adda.

Me ya sa fata, kuma me ya sa aka bar ta?

Kafin zuwan roba da nailan, ba abin da ya kai fata ɗaukar wahala. Tana riƙe nauyin harsashi, ƙaya ba ta yaga ta, in ta tsinke kuma baduku zai ɗinke ta ko a tsakiyar daji. Sai dai tana da halinta. In ta jiƙe sai ta yi nauyi ta miƙe, in ta bushe a rana sai ta ƙandare ta tsattsage. Ga kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba: maiƙon da ke jikin fata yana cin tagulla, sai ka ga wani koren tsatsa mai danƙo ya fito a jikin harsashi, har ya hana shi shiga bindiga yadda ya kamata. Wannan na cikin abin da ya sa wani hafsan sojan Amurka mai suna Anson Mills ya ƙirƙiro ɗamarar harsashi ta saƙaƙƙen zaren auduga mai kauri.

Turawan Ingila sun ga ta kansu da kayan fata a yaƙin da suka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902. Bayansa suka fito da jigidar fata samfurin 1903, wadda ake ratayawa a kafaɗa: aljihu biyar, kowanne na cin harsashi goma, hamsin ke nan. Ta mahaya dawaki aljihu tara ce, casa'in. Ba a jima ba, a 1908, sojan ƙasa ya koma kayan saƙa gaba ɗaya, masu ɗaukar harsashi 150. Abin dariyar shi ne, da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 aka ɗebi sababbin sojoji bila adadin, masaƙun suka kasa wadatar da su, dole aka koma wa fata. Aka fito da samfurin 1914 na fata, har aka yi odar wani kaso daga Amurka. Sojojin ba su so shi ba, don a cikin taɓon ramukan Faransa miƙewa yake yi ya saki jiki. Amma yau masu tarawa rububinsa suke yi, saboda an yi shi ne na ɗan lokaci, kuma kaɗan ne ya tsira. Haka harkar take: abin da mai shi ya raina a zamaninsa, shi ne ke tsada daga baya.

Jamusawa sun fi kowa riƙo da fata. Har hularsu mai tsinin ƙarfe a ka, wadda kuke gani a hotuna, da ƙandararriyar fata aka yi ta. Da fata ta yi musu ƙaranci a 1915 suka riƙa yin ta da matsattsen ulu da gwangwani, a 1916 kuma suka koma hular ƙarfe, don ta fata ba ta tare ɓarɓashin bam. Aljihunan harsashinsu dai galibi na fata ne har ƙarshen yaƙi na biyu a 1945, sai dai sojojin da suka tura hamadar Arewacin Afirka an yi musu wasu kayan na saƙa saboda zafi na farfasa fatar.

Guda ɗaya ce ta ƙi mutuwa har yau, kuma kowa a cikinmu ya taɓa ganinta a fareti: faffaɗan bel ɗin nan mai igiyar da ke haurawa ta kafaɗar dama. Sunansa Sam Browne, sunan wani hafsan Ingila da aka sare wa hannun hagu da takobi a Indiya a 1858. Mai zare takobi da hagu yake riƙe kube, ya ja da dama. Da ya rasa hagun, sai ya tsara bel ɗin da zai danne kuben wuri ɗaya, ya iya zarewa da hannu guda. Lalurar mutum ɗaya ta zama kwalliyar hafsoshin ƙasashe da dama.

Inda labarin ya shafe mu

Sojan Nijeriya kansa yana ƙirga asalinsa ne daga 1863, daga 'yar rundunar da Laftanar John Glover ya kafa a Ikko, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga baya Lugga ya haɗa rundunar Afirka ta Yamma, wadda alamarta itacen kwakwar manja ne. In ka ga maɓalli ko bajon tagulla mai wannan itace a akwatin kaka, ka riƙe shi da kyau. Hausa ce harshen ba da umarni a rundunar a nan ƙasar, har Turawan hafsoshi sai sun ci jarrabawarta. Ta wannan ƙofa ce kalmomi irin su soja, bariki, saje, kofur, samanja da fareti suka zauna a bakinmu har muka manta baƙi ne.

Mutanen nan sun yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Banyo da dutsen Mora, wanda bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. A yaƙi na biyu sun je Somaliya da Habasha, sannan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82. Duk wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, a Kaduna kuma akwai Dalet da Kalapanzin. Sunayen nan duk daga yaƙin Bama suka zo, muna wuce su a cikin a-daidaita-sahu ba mu taɓa tambayar ma'anarsu ba. A Lakwaja akwai barikin Chari Maigumeri, samanjan da ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, sannan ya koma wa Ingilishi ya yi musu yaƙi har Bama. Ka duba fa, ƙugun mutum ɗaya ya ɗaura fatar Jamus, ya zo ya ɗaura saƙar Ingila.

To me za ka tarar a akwatin wanda ya je Bama? Galibi kayan saƙa samfurin 1937, gorar ruwa mai rigar ulu, kwanon abinci mai maƙalewa biyu, da adda. Addar nan ita ce abokiyar sojan Afirka ta Yamma a dajin kwarin Kaladan, inda ba hanyar mota, abinci daga jirgin sama ake jefo shi, sauran kaya kuma a ka ake ɗauka. Fata a can ba ta daɗewa, ruwan sama da fumfuna suna cinye ta cikin ɗan lokaci. Shi ya sa kuben adda na fata da ya dawo gida lafiya ba ƙaramin abu ba ne. Wani lokaci kuma za ka ga laya a ɗinke cikin jar fata a kusa da kayan gwamnati. Kada ka raba su. A wurina layar nan da ɗinkin badukun garinsu ta fi bel ɗin ba da labarin mutumin, don bel kowa aka ba, laya kuwa daga gida ya tafi da ita.

Kada kuma mu ɗauka kayan yaƙi na fata da Bature suka fara. Mayaƙan da suka tari sojojin Lugga a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903 da nasu suka fito: garkuwar ƙirgi, kwari, kuben takobi, sirdi, ga lifidi da sulke da kwalkwali. Hawan salla ne ya ceci wasu daga ciki, wasu kuma suna Gidan Makama a Kano. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu ke jemewa da bagaruwa ita ce ta riƙa ƙetare Sahara, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko, kuma masu ɗaurin littattafai a Ingila sun daɗe suna yabon ƙarkonta.

Yadda ake karanta fata

Mai tarawa na gaske ba ya fara tambayar kuɗi, juya kayan yake yi ya duba bayansu. Kayan gwamnatin Ingila suna ɗauke da wata alama kamar kan kibiya, layi uku da suka haɗu a sama, kamar sawun kaza. In kibiyoyi biyu ne suka haɗa kai, an sayar da kayan ne daga hannun soja bisa ƙa'ida. Kibiya a cikin harafin C ta Kanada ce, in kuma tana tare da harafin I, Indiya ce. Wannan ta ƙarshe ita za ka fi gani a kayan 'yan Bama, tunda ta Indiya suka bi, kuma a birnin Kanfur akwai babbar masana'antar gwamnati ta sirdi da kayan fata. Kusa da alamar akan buga sunan kamfani da shekara. Wani lokaci sojan da kansa ya rubuta lambarsa ta aiki da tawada, ko ya kankara ta da bakin wuƙa. In ka dace da wannan lamba, ka sami abin da ya fi komai daraja a jikin kayan.

Ga dalili. Lambobin yabo na yaƙin farko an buga sunan mai su da lambarsa da rundunarsa a jikinsu. Amma taurarin yaƙi na biyu, irin Tauraron Bama da Tauraron Afirka, Ingila ta raba su ba suna. Ke nan ranar da tauraron ya rabu da takardar sallamar mai shi da hotonsa, ya zama guntun ƙarfe irin dubban 'yan'uwansa. Dillalai kuma sun ƙware a wannan ɓarna: su sayi akwati guda, su sayar da bel wa wannan, gora wa wancan, takarda wa wani a wata ƙasa. Kuɗin ya fi yawa a haka, amma mutumin ya ɓace.

Jabu kuwa ya cika kasuwa. Akwai masana'antu a Indiya da Pakistan da ke ɗinka irin waɗannan kaya sababbi fil don 'yan fim da masu wasan kwaikwayon yaƙi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana wurin wanda zai jiƙa su da ruwan shayi, ya goga musu ƙasa, ya buga hatimin 1916, ya ce na kakan wani ne. Hanci ne ɗan sanda na farko: sabuwar fata tana ƙamshin majema, tsohuwa kuwa warin tsohon ɗaki take yi. Sai zare. Na da na lilin ne ko auduga, nailan bai shigo kasuwa ba sai ƙarshen shekarun 1930, don haka jigidar 1903 mai ɗinkin nailan ta tona wa kanta asiri. Sai wurin lalacewa. Bel ɗin da mutum ya ɗaura shekara da shekaru huda ɗaya ko biyu ne za su buɗe, inda ƙugunsa ya tsaya, kuma za ka ga gurbin kan bel ya kwanta a wurin. Na jabu ko'ina ya tsufa daidai wa daida, kamar an yi masa fenti. A ƙarshe ka dubi gefen da ya riga ya goge, ba wai ka yanka ba. Jimar itatuwa ruwan ƙasa ce har ciki. Jimar sinadarin kurom, wadda ta fara yaɗuwa bayan 1884, cikinta shuɗi-shuɗi ne mai toka. Bel da aljihun harsashi na wancan zamani jimar itatuwa ce, don ita ke tsayawa da ƙarfinta.

Mai, babban abokin gaba

Nan ne nake so ku ba ni hankalinku, don yawancin tsohuwar fatar da na gani ta lalace, masu ƙaunarta ne suka kashe ta. Bahaushe in ya ga fata ta bushe, abin da ke zuwa masa shi ne ya shafa mata mai. Na ga wadda aka yi wa wanka da man gyaɗa, na ga ta basilin, wallahi har ta baƙin man inji na gani. Man gyaɗa yana tsami ya kira ɓera da kyankyaso. Kowane irin mai yana baƙanta fatar, ya cika gurbin hatimin har ya ƙi karantuwa, ya raunana zaren ɗinki, ya kuma ƙara wa tagulla koren tsatsan nan. Man goge takalmi ma haka. Takalmin da kake sawa kullum yana bukatar laushi don yana lanƙwasa. Bel mai shekara tamanin ya gama aikinsa, ba inda za shi. Shi ya sa masu kula da gidajen tarihi yanzu suka rage shafa wa tsohuwar fata komai.

Abin da take bukata kaɗan ne. A kaɗe ƙura da burushi mai laushi, irin na masu zane. A naɗe ta da wankakken farin ƙyalle na auduga. Ban da jarida, don takardarta na da tsami kuma tawadar na zuba. Ban da leda, don da damina gumi take tarawa, sai ka buɗe ka tarar da fumfuna ta yi fari fat. Kada a rataye bel a ƙusa, nauyinsa zai tsage shi a wurin, kada kuma a ninke shi ko a bar shi a ɗaure. A shimfiɗe shi, aljihuna kuma a cusa musu ƙyalle don su riƙe siffarsu. Akwatin ya hau kan wani abu saboda gara, ya kuma nisanci taga da zafin kwano.

Masana sun fi son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan da hunturu takan faɗi ƙasa da 20, a watan Agusta ta haura 70. Wannan hawa da sauka shi ke sa fata ta kumbura ta tsuke har ta farfashe. Ba mu da na'urar daidaita ɗaki, ko muna da ita ma ina wutar? Amma akwati a cikin akwati, a ƙuryar ɗaki, yana rage saurin canjin ƙwarai. In fumfuna ta riga ta kama, a shanya a inuwa, a kaɗe a waje, a rufe hanci. Koren tsatsa kuma a cire shi a hankali da tsinken sakace, a wanke hannu bayan nan don guba ne. Kada a goge tagullar ta yi ƙyalli, duhun da ta yi shi ne shaidar shekarunta.

Akwai ciwo ɗaya da ba shi da magani. Za ka taɓa fatar ka ga jan gari ya biyo yatsanka kamar garin bulo. 'Yan sashen kimiyya za su gane abin da ya faru: hayaƙin da ke ɗauke da farar wuta ya shiga fatar ya zama asid, ya ci zaruruwan da ke riƙe ta. Ya fi kama fatar da aka jeme da wasu irin ɓawon itatuwa kamar mimosa. Ruwa ko ɗigo ya taɓa irin wannan fata, sai ta yi baƙi ta ƙanƙance nan take. Ƙwararru suna shafa mata wani sinadari mai suna Klucel G da aka narkar a cikin sifirit don ya riƙe garin, amma ba ya mayar da ƙarfinta. In ka ga haka, ka daina juya ta, ka nemi ma'aikatan gidan tarihi ko masana a cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya.

Doka, da abin da za a yi a hutun nan

Kada ɗoki ya kwashe wani ya ɗaura bel ɗin kaka da hularsa ya shigo makaranta ko ya hau hanya. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a shingen bincike ba mai sauraron laccar tarihi, kafin ka gama bayani ka sha tsallen kwaɗo. Na biyu, a duba aljihunan da kyau. In aka sami harsashi, ko da ya shekara tamanin, yana iya tashi, kuma ajiye shi ba lasisi laifi ne. Kada a ƙwanƙwasa shi, kada a jefa shi a wuta, babba a gidan ya sanar da 'yan sanda. Na uku, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana ciki. Ke nan tsohuwar garkuwa ko kwarin da aka gada tun zamanin Burmi ba abin da za ka miƙa wa baƙon dillali ba ne don ya nuna maka dala.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1945, yau ya doshi ɗari. Kusan duk sun tafi, amma matansu na ƙarshe da manyan 'ya'yansu suna nan. In kun koma gida, ku buɗe akwatin a gaban Hajiya ko Baffa, ku ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, musamman hatimi da lamba. Ku kunna rikoda a waya ku tambaya: a wane gari aka ɗauke shi, da son ransa ya tafi ko mai gari ne ya ba da sunansa, ta wace tasha suka shiga jirgin ruwa, su wa suka tafi tare, su wa ba su dawo ba. Ku rubuta amsar a takarda da fensir, don biro yana zuba ya ɓata fata, ku sa a ambulan a cikin akwatin tare da takardar sallamarsa. In gidan ba wurin ajiya mai kyau, a je da hotunan Gidan Makama ko Gidan Arewa da ke Kaduna a nemi shawara tukuna, kafin a yanke hukuncin inda kayan za su zauna.